Zare: Wa ke sa hannu kafin jirgin sama ya tashi?

1/
Duk lokacin da aka yi maganar jirgin sama a nan, matuƙi ake yabo. Farar riga, igiya huɗu a kafaɗa, hoto a ɗakin tuƙi. To amma akwai mutumin da idan bai sa hannu a takarda ba, kyaftin ɗin nan ko ya shekara 30 yana tuƙi, jirgin ba ya motsawa. Yau tarihinsa za mu yi. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Sunansa injiniyan gyaran jirgi mai lasisi. Ku lura da kalmar ƙarshe. A garejin jirage akwai masu riƙe sifana da yawa, wasu ma sun fi shi saurin hannu. Amma bayan an gama kwancewa da ɗaurewa, mai lasisi kaɗai doka ta yarda ya rubuta cewa jirgin nan ya dace ya koma sama, ya sa hannu, ya buga lambarsa. In wani abu ya faru, wannan lambar za a fara nema.

3/
Mu fara daga tushe. An san 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgi ranar 17 ga Disamba 1903 a Amurka. Wanda ba a cika ambata ba shi ne Charlie Taylor, makanikin shagonsu na kekuna a garin Dayton. Sun nemi inji mara nauyi a wurin kamfanoni ba su samu ba, sai Taylor ya ƙera musu da hannunsa cikin mako 6. Inji mai ƙarfin doki 12.

4/
Ranar da jirgin ya tashi ma ba ya wurin, an bar shi yana tsaron shago. 😅 Ya rasu a 1956 ba tare da ya tara komai ba. Daga baya Amurka ta tuna da shi: hotonsa na jikin katin lasisin makanikan jirginsu, kuma hukumarsu ta FAA na ba da lambar yabo da sunansa ga wanda ya shekara 50 a sana'ar.

5/
Taylor ba shi da lasisi, don a zamaninsa babu irin wannan abu. Wanda ya ƙera jirgi shi ke gyara abinsa, shi ke hawa, in ya faɗo shi ya jawo wa kansa. Fasinja ne ya canza lissafin. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, jiragen yaƙi sun yi yawa, matuƙa sun rasa aikin yi, sai aka fara ɗaukar mutane da wasiƙu ana karɓar kuɗi.

6/
Mutumin da ya biya kuɗin kujera daga Landan zuwa Faris bai san komai game da inji ba. Ba zai leƙa ƙarƙashin fiffike ya ce waya ta sassauta ba. Dole wani ya duba a madadinsa, kuma dole a san ko wanene wannan wanin. A 1919 Birtaniya ta fitar da dokokin zirga-zirgar sama, a cikinsu aka ƙirƙiro lasisin "injiniyan ƙasa", wanda zai duba jirgi a ƙasa ya tabbatar da lafiyarsa kafin a zuba mutane.

7/
Turawan Ingila da haruffa suka raba lasisin. A na gangar jikin jirgi, C na inji, B da D na babban garambawul ɗin jiki da na inji, X kuma na kayan lantarki, agogunan ɗakin tuƙi da makamantansu. Ku riƙe haruffan nan don su muka gada. In ka ji dattijon injiniya yana cewa yana da "A da C", daga nan ta samo asali.

8/
Wani abin sha'awa: Amy Johnson, wadda ta tuƙa jirgi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostireliya a 1930, sai da ta fara samun lasisin injiniyan ƙasa a 1929. Ta san in inji ya yi tari a wani daji, ba mai zuwa ya taimaka mata. 'Yan mata masu tambaya ko sana'ar ta maza ce kawai, ga amsarku tun shekara 90 da ɗoriya.

9/
Amurka ta bi sahu da dokarta a 1926, ta fara ba makanikai lasisi a 1927. Su kashi biyu suka yi, na jiki da na inji, shi ne A&P da za ku gani a tallan aiki. Kowace ƙasa da nata tsarin ke nan. Matsalar kuwa jirgi ba ya zama a ƙasa ɗaya. Wanda aka gyara a Amsterdam da safe, da dare yana Kano.

10/
Shi ya sa ranar 7 ga Disamba 1944, ana tsakiyar yaƙi, ƙasashe 52 suka sa hannu a yarjejeniyar Chicago. Daga ita aka haifi ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya mai hedikwata a Montreal ta Kanada. Rataye na farko da aka liƙa wa yarjejeniyar, a 1948, kan lasisin ma'aikata ne. Kafin a yi maganar filin jirgi ko binciken haɗari, sai da aka fara da mutum.

11/
Me wannan rataye ya ce game da injiniya? Ya kai shekara 18. Ya nuna ilimin doka, kimiyya, ƙirar jirgi da gyaransa. Sannan babbar magana: ya yi shekara 4 yana aiki a jikin jirgi na gaske. Amma in ya kammala kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita, shekara 2 sun wadatar.

12/
Kun ga inda "makarantar da aka amince da ita" ta shigo? Amincewar nan tana da farashi: shekara biyu na rayuwarka. Hukuma ce ke cewa na duba manhajarsu, na duba malamansu, na ga ɗakin aikin hannu da injin da ɗalibai ke kwancewa, na ga yadda suke ajiye takardun jarrabawa, don haka na yarda in rage wa ɗalibinsu rabin jira. Kuma tana dawowa ta sake dubawa, in ta ga wasa ta ƙwace takardar.

13/
Mu dawo gida. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Birtaniya guda 3 suka sauka a Kano, daga Masar suka taso, Arthur Coningham ke jagorantarsu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa Kano daga Khartum da wasiƙu.

14/
Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara girma. Ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, sannan su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Darfur zuwa Khartum da Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya. A kowane zango sai an duba inji, an tace mai, an kakkaɓe ƙurar hunturu.

15/
'Yan ƙasa sun yi aiki a filayen nan, sun ɗauki kaya, sun koyi riƙe sifana. Amma alƙalamin sa hannu yana hannun Bature. Haka aka tafi a zamanin West African Airways Corporation, kamfanin haɗin gwiwar Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya da aka kafa a 1946, har ya watse a 1958 muka fitar da namu, wanda ya zama Nigeria Airways.

16/
To an samu 'yanci a 1960, an shiga ICAO, an fenta jirage kore da fari. Sai tambaya ta taso: ƙasar da ba ta da mutanen da za su sa hannu a kan jiragenta, jiragen nata ne kuwa? Duk ranar da baƙi suka haɗa kayansu, jirage sun zama kwanon rufi a Ikeja.

17/
Amsar ita ce Zariya. A 1964, da doka mai lamba 31, aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan sufurin sama, wadda yau ake kira NCAT. Haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin tarayya, ICAO da asusun raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ƙarshen 1974 yarjejeniyar ta ƙare, Najeriya ta karɓi ragama ita kaɗai.

18/
'Yan ABU kun san wurin ai. Palladan, kan hanyar Samaru, inda kuke ce wa mai Napep "Aviation zan sauka". Yawancin mutane suna ganin ƙananan jiragen nan na shawagi su ɗauka makarantar tuƙi ce kawai. A ciki akwai makaranta guda ta injiniyoyin gyaran jirgi, akwai ta masu kula da zirga-zirgar sama, akwai ta masu gyaran na'urorin sadarwa na filin jirgi.

19/
'Yan'uwa na Nijar, na san za ku ce ai ku ma kuna da EAMAC a Yamai tun 1963. Gaskiya ne, kuma babbar makaranta ce ta ASECNA da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe da dama. Sai dai ƙarfinta na wajen masu kula da zirga-zirga, masu hasashen yanayi da masu na'urorin ƙasa. Gyaran jirgin kansa wani layi ne daban.

20/
Zariya rabin hanya ce. Ɗaya rabin yana garejin Nigeria Airways a Ikeja. Yaro ya gama aji, ya tafi can ya zauna ƙarƙashin manya yana tara shekarunsa a jikin Fokker F28, Boeing 737, 707, DC-10, daga baya Airbus A310. Ya rubuta jarrabawar hukuma, ya karɓi lasisi, kamfani ya tura shi kwas ɗin nau'in jirgi. A shekarun 1980 kamfanin na da jirage kusan 30. Akwai aikin da za a koya a kai.

21/
Yanzu mu zo ga ranar da ya kamata duk ɗan Arewa ya sani. Alhamis, 11 ga Yuli 1991, filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Alhazai 247 sun gama aikin Hajji, sun hau jirgi za su koma Sakkwato. Da ma'aikata 14, mutum 261 ke nan.

22/
Lambar tafiyar ta Nigeria Airways ce, 2120. Amma jirgin, ƙirar DC-8, na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair. Hayarsa aka yi da matuƙansa da makanikansa don jigilar alhazai. Rajistarsa ta Kanada ce, takardunsa na Kanada ne.

23/
Tun 7 ga wata, kwana huɗu kafin nan, makanikan sun auna tayoyi sun ga iskar wasu ta yi ƙasa da ƙa'ida. Ba a gyara ba. Masu bincike sun gano daga baya cewa an sauya alƙaluman da ke takardar awon, aka rubuta waɗanda za su nuna komai lafiya.

24/
Da safiyar ranar, an riga an zuba fasinja, babban makanikin ya nemi a ƙara wa tayoyin iska. To tayar jirgi ba irin ta Golf ɗinka ba ce da mai faci zai hura. Naitirojin ake sa mata, busasshiyar iskar da ba ta taimakon wuta, don tayar jirgi na ɗaukar zafi mai tsanani. A wannan lokacin ba a samu naitirojin a kusa ba. Nemo shi na nufin jinkiri.

25/
Manajan da ke kula da kwangilar jigilar, wanda ba shi da horon da zai gane haɗarin, bai yarda a jira ba. An riga an makara a jadawali, ana tsoron rasa kwangila. Takardar cewa jirgi ya dace ya tashi kuma, wanda ya sa mata hannu shi ne injiniyan da ke zama a ɗakin tuƙi, wanda ba shi ya yi aikin tayoyin ba.

26/
Ga abin da ƙarancin iska ke yi. Tayoyi biyu suna gefe da gefe a ƙafa ɗaya. In ɗaya ta yi laushi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin. Jirgi cike da mutane da kaya da mai, ya yi tafiyar kilomita da dama a ƙasa kafin ya kai titin tashi, cikin zafin Jidda na watan Yuli. Yana fara gudu, mai lafiyar ta fashe, sannan mai laushin. Ƙarfen ƙafa ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama.

27/
Matuƙan sun ji ƙara amma ba su san akwai wuta ba, don babu na'urar da za ta gaya musu a wannan wuri. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgi zuwa cikinsa kamar kullum. Wato da hannunsu suka shigar da wutar inda wayoyi da bututan mai suke, ƙarƙashin kujerun fasinja.

28/
Sun juyo don su sauka. Saura ƙasa da kilomita 3 su kai titi jirgin ya faɗi. Ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙan alhazanmu, Ya karɓi aikinsu. Akwai gidaje a Sakkwato da kewaye da har yau ba su manta wannan Alhamis ba. Nationair kuwa ya rufe a 1993.

29/
Abin da ke tsaya min a rai shi ne ilimi bai yi ƙaranci a wurin ba. Makanikin ya san iska ta yi ƙasa, ya san lambar da littafi ya ce. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya mai alƙalami da zai ce ban sa hannu ba, a kira duk wanda za a kira. Don wannan "a'a" ɗin aka ƙirƙiro lasisi tun 1919. Shi ya sa gwamnati ke ba da shi, ba kamfani ba: mai gida zai iya korarka, amma ba zai iya ƙwace lasisinka ba. Hukuma ce kaɗai ke iya wannan, kuma sa hannun ƙarya na cikin manyan dalilan da ke sa ta yi.

30/
Kada ku ɗauka lasisi shi kaɗai ya gama magana. Shekara ɗaya kafin Jidda, ranar 10 ga Yuni 1990, jirgin British Airways ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga Birmingham zuwa Malaga a Sifen. Yana kai ƙafa dubu 17, gilashin gaban kyaftin ya fice gaba ɗaya. Iska ta fizgi Kyaftin Tim Lancaster, rabin jikinsa a waje, ma'aikatan jirgi suka riƙe ƙafafunsa.

31/
Mataimakinsa ya saukar da jirgin a Southampton bayan kamar minti 20. Kowa ya tsira, har kyaftin ɗin, ya ma koma tuƙi bayan 'yan watanni. Ikon Allah.

32/
Me ya faru? Awa 27 kafin tafiyar aka canza gilashin, cikin dare. Wanda ya yi aikin gogaggen injiniya ne mai lasisi, shi ne ma shugaban masu aikin dare. Maimakon ya buɗe littafin kayan gyara ya duba lambar noti, sai ya ɗauki tsohon ya gwada da sabo da ido, a wurin da haske bai isa ba. Cikin noti 90, guda 84 sun fi ƙa'ida siranta da milimita 0.66, sauran 6 kuma gajeru ne.

33/
Milimita 0.66 fa. Kaurin farce. Kuma da yake shi ne babba, shi ya yi aikin, shi ya sa hannu, ba wanda ya sake dubawa. Mutumin ba jahili ba ne, ba mugu ba ne. Gajiya, ƙarfe uku na dare, da yarda da kai irin na wanda ya daɗe a aiki.

34/
Irin waɗannan ne suka shigar da sabon darasi a manhajar makarantun: halin ɗan Adam a wurin aiki. Barci, matsin lamba, tsoron babba, miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe. A Kanada wani ma'aikacin hukumar sufuri, Gordon Dupont, ya tattara abubuwa 12 da ke jefa makanike a kuskure a 1993, har yau ana liƙa hotunansu a garejin jirage.

35/
Turai kuma ta haɗa tsarinta wuri guda. Daga 2003, ƙarƙashin hukumar EASA, akwai dokoki uku masu tafiya tare: Part-66 na lasisin mutum, Part-147 na makarantar da ke koyar da shi, Part-145 na garejin da zai yi aiki. Haruffa suka canza: B1 na jiki da inji, B2 na lantarki da na'urori, C na sallamar jirgi bayan babban gyara.

36/
Kwas ɗin B1 a makarantar da aka amince da ita awa 2,400 ne. Makin cin jarrabawa kashi 75 cikin 100, ba maganar 40 a nan. Bayan haka shekara 2 a gareji. Wanda bai yi makarantar ba, kuma ba shi da wani horon fasaha, shekara 5 zai yi. In kun ga kamfanonin Gabas ta Tsakiya na neman "B1/B2", wannan suke nufi.

37/
A nan gida kuwa, dai-dai lokacin da duniya ke ɗaure tsarinta, namu ke kwancewa. Nigeria Airways ya yi ta ramewa a shekarun 1990, jirage na kwance ba kayan gyara, har aka rufe shi a 2003. Ana yawan kukan rasa kamfanin ƙasa saboda alfahari. Ni abin da na fi gani shi ne an rufe ajin da ya fi kowane girma. Injiniyoyin da suka shekara 20 suna tara ilimi suka watse, wasu ƙasashen waje, wasu gida suna jiran haƙƙinsu.

38/
An kafa NCAA da dokar soja ta 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Amma sai da aka sha wuya kafin ta samu haƙora. Bellview a Oktoban 2005. Sosoliso a Fatakwal cikin Disamba, da yaran makaranta. ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, inda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Dalilan haɗuran sun bambanta, biyu na ƙarshe da mummunan yanayi a ciki, amma tare suka sa aka binciki gidan gaba ɗaya.

39/
Dokar 2006 ta ba NCAA 'yancin yanke hukuncin lafiyar jirage ba tare da jiran ɗan siyasa ba. Shugabanta a lokacin, Dakta Harold Demuren, injiniyan jirgi ne. A 2010 Amurka ta sa Najeriya a rukuni na ɗaya, wato ta gamsu da yadda muke sa ido. An cire mu daga jerin a 2022 saboda ba wani kamfaninmu da ke zuwa can.

40/
Dokokin NCAA kashi-kashi ne. Kashi na 2 lasisin ma'aikata, na 3 makarantun da aka amince da su, na 6 garejin da aka amince da su. Ma'ana, makaranta ba ta ba da lasisi. Ko Zariya takardar kammalawa take ba ka. Lasisi sai ka je gaban NCAA da shaidar aikin da ka yi, ka ci jarrabawarta.

41/
Haka ma digiri. Kana iya karanta injiniyancin jirgin sama a jami'a ka fita da sakamako mafi kyau, ka san lissafin fiffike fiye da kowa a gareji, amma ba ka da ikon sallamar jirgi ko taya aka canza masa. Ɗan difloma mai lasisi zai sa hannu kana tsaye. Hanyoyi biyu ne, kowace da amfaninta, amma ka san wadda kake bi kafin Baba ya sayar da gona.

42/
Kuma lasisin farko fanko ne sai an rubuta nau'in jirgi a kansa. Wanda ke da Boeing 737 ba zai sa hannu a Embraer ba, sai ya yi kwas ɗinsa. Kwasa-kwasan nan da dala ake biya, galibi kamfani ke ɗaukar nauyi, shi ya sa suke ɗaure mutum da yarjejeniyar shekaru.

43/
In kun je filin jirgi ku duba harufan da ke jikin jirgi kusa da wutsiya. 5N na Najeriya ne, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Waɗannan ke nuna hukumar da ke da alhakin lafiyarsa, da irin lasisin da za a karɓa a kansa. Lokacin jigilar Hajji ku lura, wasu jiragen sunan kamfaninmu ne a jiki amma harufan na wata ƙasa ne. Hayar ba laifi ba ce, ana yin ta ko'ina. Sai dai bayan 1991 muna da haƙƙin tambayar wa ke duba su.

44/
Ku kwatanta mu da Habasha. Ethiopian Airlines ya fara tashi a 1946 da taimakon kamfanin TWA na Amurka, ya buɗe makarantarsa a 1956. Ba su bari makaranta ta rabu da gareji ba. Yau jiragen wasu ƙasashen Afirka Adis Ababa ake kai su gyara, ɗalibinsu kuma daga aji yake tsallakawa ya shiga aiki.

45/
Mu kuwa shekara da shekaru babban duban nan da ake kira C, wanda ake yi wa jirgi kamar duk wata 18 zuwa shekara 2, waje ake kai shi. Jirgi ya tafi babu fasinja, a biya da dala, ya yi makonni. Kuɗin ya tafi, aikin da yaranmu za su koya a kai ma ya tafi. Sai a farkon 2018 Aero Contractors ya kammala irin wannan duba a kan Boeing 737 a Legas. An fara, amma garejin ba su kai yawan masu fitowa daga makaranta ba.

46/
A nan ƙullin yake. Doka ta ce shekara 2 a jikin jirgi mai aiki. Kamfani kuma ya ce yana neman mai lasisi da gogewa. Yaro ya gama Zariya, takarda a hannu, ba inda zai tara shekarun. Wasu su yi ta aikin sa kai ba albashi a Legas ko Abuja, wasu su haƙura su koma sayar da waya. A lokaci guda kamfanoni na ɗauko injiniyoyi daga waje suna biyansu da dala. A ganina kafin a ƙara buɗe wata makaranta, kamata ya yi a ɗaure kamfanonin jirage da ɗaukar 'yan koyo.

47/
Ga mai sha'awar shiga: in makaranta ta ce tana koyar da gyaran jirgi, ka nemi ganin takardar amincewar NCAA, ka duba ranar ƙarewarta, sannan ka karanta kwasa-kwasan da aka rubuta a ciki. Wadda aka amince ta horar da masu hidimar fasinja ko masu tsara tafiya, ba a amince ta horar da injiniya ba. Rajistar kamfani da CAC ba ita ce wannan takarda ba. Ka ce a nuna maka injin da za ka kwance da hannunka.

48/
Ka riƙe lissafi da fiziks, kuma ka gyara Turancinka, don duk littattafan gyaran da shi aka rubuta su, kuma ba a aiki da ka, sai littafi a buɗe a gabanka. Ranar da ka fara taɓa jirgi ka buɗe kundin aikinka: kwanan wata, nau'in jirgi, lambar rajista, aikin da aka yi, da sa hannun mai lasisin da ya tsaya a kanka. Aikin da ba a rubuta ba, hukuma ba ta ƙirga shi, ko ka shekara biyar kana yi.

49/
Masu tambayar kuɗin makaranta da lokacin sayar da fom, ku duba shafin kwalejin kai tsaye, yana canzawa. Kada ku tura wa kowa kuɗi a DM da sunan zai samo muku gurbi.